Hukuncin zoɓo, kunun aya da ƙanƙarar 'ya'yan itace idan suka kwana babu wuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, ina sana'ar zoɓo da kunun aya a cikin gida. Idan bazara ta kama nakan markaɗa mangwaro da kankana da abarba, in ƙulla a leda su daskare a firiza, yara su kai bakin makaranta. Matsalata ita ce wuta, domin wani lokacin sai a ɗauke ta yini da kwana, kayan su narke, zoɓo ya fara tsami, gorar kunun aya ta kumbura. Wata maƙwabciyata ta ce ya zama giya, wata kuma ta ce hadisi ya ba da kwana 3. Sannan na ji an ce an hana jiƙa dabino tare da wani abu, ni kuwa da dabino da kwakwa nake yin kunun ayata. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa sana'arki albarka, 'yar'uwa. Asalin waɗannan abubuwan sha halal ne, yin su da sayar da su duka, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son kayan zaƙi da zuma. Abin da ke fitar da abin sha daga halacci a wannan babi shi ne maye, saboda hadisin Ibn Umar a Muslim cewa duk abin da ke sa maye giya ne kuma duk giya haramun ce, da hadisin Jabir a Abu Dawud da Tirmizi cewa abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Maƙwabciyarki ta farko ta yi gaggawa, domin tsami daban, maye daban. Nono da koko tsami gare su, kuma babu malamin da ya haramta su. Amma maganarta ba ta rasa tushe ba. Abin sha mai sukari idan ya zauna a cikin zafi, ƙwayoyin yis da ke jikin 'ya'yan itace da cikin iska sukan ci sukarin su mayar da shi barasa da iska, kuma iskar nan ce take kumbura gora, ta yi tsaki idan an kwance murfi, kumfa ya taso. Ta wannan hanya ake yin burkutu da dawa. Saboda haka idan kin ga kumfa yana tasowa da kansa, gora ta yi tauri, wari ya juya yana hawa hanci, to zubarwa ita ce hukuncinsa, kada ki sha, kada ki ba yara, kada ki sayar. Idan ya kai matsayin sa maye, haramcinsa a fili yake. Idan bai kai ba, ya riga ya lalace, kuma shari'a ta hana cutarwa.

Ta biyun kuma ta ji hadisi amma ba ta ji bayaninsa ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta 3, abin da ya rage sai a shayar da shi ko a zubar. Malamai sun bayyana cewa ana shayarwa ne idan bai canza ba, ana zubarwa idan alamar canji ta bayyana. A cikin Muslim ɗin kuma Nana A'isha ta ce sukan jiƙa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe, kuma an ɗora wannan a kan lokacin zafi da ake tsoron saurin lalacewa. Ke nan hukuncin yana rataye ne da halin da abin shan yake ciki, kwanakin kuwa iyaka ce ta ƙarshe ga jiƙon ruwa da zabibi. Wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, ya san kunun aya da aka dama da asuba aka bari a waje da wuya ya kai la'asar da daɗinsa. Ba daidai ba ne a riƙe kwana 3 a matsayin lasisi alhali hanci da harshe suna shaida cewa abu ya tashi.

Game da ƙanƙarar leda, sanyin firiza yana tsayar da aikin waɗannan ƙwayoyi ne, ba ya kashe su gaba ɗaya. Idan ta narke ta yini da ɗumi, sannan wuta ta dawo ta sake daskarewa, lalacewar tana nan a ciki, sanyi ne kawai ya rufe ta. A nan ne na fi jin tsoro ga masu wannan sana'a, domin yaron da ya miƙa kuɗinsa a bakin makaranta ba shi da hanyar ganewa. Haka nan ƙara sukari ko citta da kanumfari don a danne tsamin zoɓon jiya, ko a cakuɗa shi da na yau, algus ne. Annabi ya cusa hannunsa a tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Amma wadda ta fara laushi kawai, da sauran ƙanƙara a jikinta kuma ɗanɗanonta bai canza ba, babu laifi ki mayar ki sayar.

Maganar haɗa dabino da wani abu kuwa tana da asali. Ya tabbata a Bukhari da Muslim an hana jiƙa dabino da zabibi a haɗe, Ibn Abi Zaid ya kawo hanin a Risala, Shehu Khalil kuma ya lissafa shi cikin makaruhai a Mukhtasar. Mafi yawan malamai sun ɗauke shi a matsayin karhanci, Hanafawa ma sun halatta, kuma dalilin hanin shi ne haɗin yana gaggauta tashin jiƙo, mutum ya sha mai sa maye yana zaton bai kai ba. Abin da nake rinjayarwa shi ne aya da dabino da kwakwa da aka kai injin markaɗe, aka tace, aka sanyaya aka sha a ranar, ba su shiga wannan hani ba, tun da ba a ba su lokacin da za su tashi ba. Sai dai ki riƙa jiƙa aya ita kaɗai, ki tsoma dabino daf da markaɗe, don ki fita daga saɓani.

Ki yi daidai abin da za ki sayar a yini, ki tanadi kula da ƙanƙarar saye saboda ranar da babu wuta, ki yi aiki da tafasasshen ruwa ko wanda kika amince da tsabtarsa. Gorunan roba da ake tsintowa a wuraren biki a sake cikawa, ban ga halaccin amfani da su ba sai an wanke su wanki na gaske da sabulu, domin amai da gudawa da taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci suke yaɗuwa. Wallahu a'alam.