Labaran ban tsoro na Jamus: wanne za a saya, wanne za a bari?

Malam, ina son karanta tsofaffin labaran ban tsoro na Jamusawa, amma ba na jin Jamusanci. Da wanne zan fara? Ɗalibi daga Katsina.

Ɗana, fara da E.T.A. Hoffmann. Labarinsa Der Sandmann na 1816 gajere ne, kana iya gama shi tsakanin isha'i da barci, in har barcin ya yarda ya zo. Labarin Nathanael ne, wanda aka tsorata shi tun yana yaro da dodon da ke watsa wa yara yashi a ido, ya girma ya kamu da son Olimpia, ashe mutum-mutumi ce mai inji. Nemi fassarar Turanci ta R.J. Hollingdale da Penguin ta buga, ko ta Ritchie Robertson ta Oxford. In ka gama, ka nemi Die schwarze Spinne na Jeremias Gotthelf, limamin coci ɗan Siwizalan, na 1842, inda mutanen ƙauye suka ƙulla ciniki da Shaiɗan suka kasa cika alkawari. Guda biyun sun ishe ka kafin ka ƙara kashe ko sisi.

Wai gaskiya ne duk wanda ya ajiye irin waɗannan littattafai aljanu na shiga gidansa?

Gara ce za ta shiga. Ita ka ji tsoro.

Ranka ya daɗe, na ga wani a intanet yana sayar da bugun farko na Tales of the Dead, na 1813. Ya ce in tura dala kafin wani ya riga ni. Kwasar adashina ta kusa. In saya? Ma'aikaci daga Kaduna.

Malam, riƙe kuɗinka. Na ce riƙe kuɗinka.

Ka san ma abin da kake nema? A Jamus, Johann August Apel da Friedrich Laun suka fara fitar da Gespensterbuch a 1810. Wani Bafaranshe, Eyriès, ya tsinto labarai takwas daga cikinsa da wasu littattafan Jamus, ya fassara su da sunan Fantasmagoriana a 1812. Wannan ne marubutan Ingila su Byron da Mary Shelley suka karanta a bakin tafkin Janeba a 1816, daga nan aka samu littafin Frankenstein na Mary Shelley. Ita kuwa Sarah Utterson daga na Faransancin ta ɗauki biyar ta mayar da su Turanci, ta ƙara ɗaya nata, ta kira shi Tales of the Dead. Kenan fassarar fassara ce, kuma ba cikakkiya ba. Littafi ne mai daraja a tarihi, ba a musu, amma irinsa na asali a manyan ɗakunan karatu da hannun dillalan da aka sani yake zama. Ba ya yawo a WhatsApp yana jiran kwasar adashi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutanenmu suna ɗauka jabu sai a wayar hannu da turare. Wannan kasuwa tun asalinta da algus ta tashi. A shekarun 1790, da Turawan Ingila suka haukace da labaran Jamus, marubutansu suka riƙa liƙa wa nasu littattafan tambarin "labarin Jamus" don su shiga kasuwa. The Castle of Wolfenbach na Eliza Parsons, 1793, da The Midnight Bell na Francis Lathom, 1798, duk a Ingila aka ƙirƙire su. Cikin littattafai bakwai na ban tsoro da Jane Austen ta lissafa a Northanger Abbey, biyu ne kaɗai fassarar gaske daga Jamusanci: The Necromancer na 1794 da Horrid Mysteries na 1796. Labarin nan na matacciyar da ta dawo tana shan jini, Wake Not the Dead, an shekara da shekaru ana buga shi da sunan Ludwig Tieck, alhali Ernst Raupach ne ya rubuta. In Bature mai ɗakin karatu a bayan gidansa ya ruɗu, ina ga kai da hoto uku kawai aka turo maka?

Na yau ma sun fi muni. Wani zai sauke tsohon littafi daga intanet, ya buga shi a sabuwar takarda, ya rubuta 1813 a bayanin talla. Ka buɗe ka tarar da shafuka sun ɓace, haruffa sun cakuɗe. Wani kuma kwamfuta zai ba ta fassara Hoffmann cikin minti kaɗan, ya sa bango mai ƙoƙon kai, ya kira shi sabuwar fassara. Duk littafin da ba a rubuta sunan mai fassara ba, ajiye shi. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafin suna da bayan littafin da shafin ƙarshe. In ka ga lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, magana ta ƙare, ba na 1813 ba ne, don sai wajen 1970 aka fara amfani da ita. In ya fara cewa "wani na jira", bar wa wanin.

Sannan ka lissafa kuɗin aikowa, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin littafin, ga farashin dala da kai ma ka san yadda yake, ga jiran makonni. Tsofaffin fassarorin nan da yawansu suna nan kyauta a shafukan intanet na Project Gutenberg da Internet Archive. Karanta tukuna. Wasunsu Turancinsu ya tsufa har sai ka yi hamma, wasu kuma an datse su, kamar fassarar Gillies ta 1824 ta littafin Hoffmann Die Elixiere des Teufels. In bayan ka karanta har yanzu ranka na so, sayi bugun zamani na kamfanin da ya san aikinsa, irin su Valancourt, ka bar adashi ya yi abin da aka shiga dominsa.

Malam, mahaifina ya yi karatu a Jamus. Ya rasu ya bar akwatin littattafai masu wani irin rubutu mai ƙahonni. Na ga sunan Hoffmann a ɗaya. Sun fara warin danshi, ina tsoron su lalace a hannuna. Wata daga Zariya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki makara ba. Rubutun nan sunansa Fraktur, da shi Jamusawa suka riƙa buga yawancin littattafansu har 1941, don haka ganinsa kaɗai ba ya nuna tsada. In ƙanana ne masu tambarin kamfanin ɗab'i na Reclam, an buga irinsu birjik tun 1867. Darajarsu a wurinki ita ce hannun da ya riƙe su.

Fito da su daga akwatin, ki jera su a tsaye, a buɗe kaɗan, a ɗaki mai iska, ba cikin rana ba. Ki ɗaga su daga ƙasa, ki janye kantar daga bango saboda gara. Kada ki ƙulle su a leda da damina, kada ki liƙa salatif a inda ya yage. Da hunturu ki riƙa kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Ki ɗauki hoton shafin suna na kowanne ki nuna wa mai jin Jamusanci kafin ki ba kowa ko ki sayar.

Na sayi The Ghost-Seer na Schiller, labarin ya tsaya a tsakiya. An cuce ni ne?

Wannan karon ba mai sayarwa ba ne. Schiller ya riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1787 zuwa 1789, ya gaji da shi, ya ajiye bai ƙarasa ba. In ka ga bugun da ke da ƙarshe, wani ne ya ɗora.