Mutum-mutumi a kan ƙwallo ɗaya: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin lantarki ne a nan Marwa. Na ga bidiyon wani mutum-mutumi tsaye cak a kan ƙwallo ɗaya, yana yawo, ko an ture shi ba ya faɗuwa. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, Arduino Uno ɗina, ƙaramin allon kwamfuta na sarrafa na'urori, zai iya aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne, babu siddabaru a ciki. Farfesa Ralph Hollis na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya nuna wa duniya nasa a 2006, kuma dabararsa ta tsohon maus ɗin kwamfuta ce mai ƙwallo a ciki, sai dai ya juya ta: maimakon ƙwallo ta murza gare-gare, gare-garen ne ke murza ƙwallo. A 2008 Masaaki Kumagai na Jafan ya fito da BallIP mai tayoyi 3, sannan ɗaliban jami'ar ETH Zurich suka haɗa nasu mai suna Rezero a 2010. Tsarin tayoyi 3 ɗin nan shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi irinmu.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, fita ka samo dogon karan dawa ka tsayar a tafin hannunka. Duk inda ya karkata, hannunka zai bi shi ya shiga ƙarƙashinsa. To gwada da biro. Ba za ka iya ba, don gajeren abu kafin ka ankara ya kai ƙasa. Aikin injin ke nan gaba ɗaya: ƙwallon ita ce tafin hannu. Shi ya sa nake cewa ka yi shi da ɗan tsayi, ka ɗora batir a sama, ko da yake zuciyarka za ta ce nauyi a ƙasa ya kamata.

Abin da ke jin karkatar shi ne MPU6050, na'urori biyu a guntu ɗaya. Ɗaya tana auna saurin juyi, ga ta da hanzari amma a hankali take kauce wa gaskiya. Ɗayar tana jin inda ƙasa take, amma ƙaramar girgiza sai ta rikice. Ana gauraya bayanansu, kashi 98 cikin 100 daga ta farko, kashi 2 daga ta biyu, a miƙa wa lissafin PID mai auna yawan gyaran da ake buƙata, shi kuma ya umarci injinan da ke juya tayoyin. Wannan zagayen ya kamata ya maimaitu kamar sau 200 a daƙiƙa ɗaya.

Uno ɗinka zai sha wahala. Gudunsa megahaz 16 ne, kuma ƙafafu 2 kawai, wato wuraren jona waya, aka ware masa na kama sigina nan take, alhali injina 3 za ka riƙa ƙirga juyinsu. Wani allon mai suna ESP32 yana kai megahaz 240, kuma ba shi da tsada.

Amma shawarata, kada ka fara da ƙwallo. Haɗa mai taya biyu tukuna, wanda gaba da baya kawai yake faɗuwa. A nan Uno ya isa. Sai ya tsaya minti 5 ba ka taɓa shi ba, sannan ka nemi tayoyin omni, masu ƙananan gare-gare a gefensu, ka jera 3 a kan ƙwallon kwando da tazarar digiri 120 tsakaninsu. Su ne kayan da za su ba ka wuyar samu; sai dai saƙo daga Duwala ko oda ta intanet.

Ni nawa na farko, mako biyu ina zargin lissafi, ina ta canza lambobi cikin dare a Garwa. Ashe ƙurar hunturu ce ta kwanta a kan ƙwallon, tayoyin suna zamewa. Na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, na ƙara mata iska ta yi tauri, na sa ɗan soso ƙarƙashin MPU6050 saboda girgiza, sai ga shi tsaye yana ɗan rawa kamar mai jin sanyi.

Batirin LiPo kuwa, wato na litiyam mai caji da ake sa wa irin wannan injin, kada ka bar shi a ɗakin kwano da zafin Afrilu. In ka ga ya kumbura, cire shi ka kai waje, kada ka sake sa masa caji.