Idan Ba Mayu Ba Ne, Me Ya Sa Suka Amsa Da Bakinsu?

Tambaya: Malam, na karanta labarin shari'ar mayu ta ƙauyen Salem a Amurka, ana cewa zalunci aka yi. Amma na ga fiye da mutum 50 sun amsa da bakinsu. Hankalina a tashe yake, domin a unguwarmu wata yarinya tana faɗuwa tana kiran sunan wata tsohuwa, aka taru a kan tsohuwar har ta ce ita ce. Yanzu maganar korarta ake yi. Ashe amsawa ba hujja ba ce?

Amsa: Malama, ba hujja ba ce. Wannan magana ta "ai da bakinta ta amsa" ita na fi jin takaicinta, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu boko.

Tun da kin san labarin, mu tafi kai tsaye. A farkon 1692 'yar Samuel Parris limamin cocin ƙauyen, yarinya mai shekara 9, da wata 'yar uwarta mai shekara 11 suka fara shure-shure da ihu. Likita ya rasa gane ciwon, ya ce hannun mugu ne. Wa aka fara nunawa? Tituba baiwar gidan, da Sarah Good mai yawon bara, da Sarah Osborne, mara lafiya da ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Marasa gata duka.

To, ki duba lissafin. An rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. Dukkansu sun mutu suna musun laifin. Duk wanda ya amsa ya tsaya a kan amsawarsa, ba a rataye shi ba, ajiye shi ake yi ya ambaci wasu. Samuel Wardwell ya amsa, daga baya ya janye, sai aka rataye shi. Kin ga kenan kotun ta koya wa kowa cewa ƙarya ce hanyar tsira. Mutum yana cikin mari a kurkuku, ya ga an fita da Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da kowa ya shaida da ibada, an rataye ta domin ta ce ba ta yi ba. Me kike zaton zai ce idan aka zo kansa?

Akwai azaba kuma. John Proctor, ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi, ya rubuto daga kurkuku cewa an ɗaure 'ya'ya biyu na Martha Carrier, wata da ita ma ake zargi, an haɗa wuya da diddige, har jini ya kusa tsartuwa ta hanci kafin su amsa. An sa Dorothy Good, yarinya 'yar shekara 4, ta amsa. Margaret Jacobs ta amsa ta kuma ambaci kakanta, sannan ta dawo ta ce tsoro ne ya sa ta yi ƙarya. Hakan bai hana a rataye kakan ba a ranar 19 ga Agusta. Shi kuwa Giles Corey, tsoho tukuf, da ya ƙi yarda a yi masa shari'a, duwatsu aka yi ta ɗora masa a ƙirji har ya cika. Don Allah wace gaskiya za a tatsa ta wannan hanya?

Kiran suna ma haka ne. Kotun ta karɓi shaidar cewa kurwar wance ce take zuwa tana mintsinina, abin da ba wanda yake gani sai mai faɗa. Yarinya a firgice, manya sun kewaye ta suna "wa ke kama ki?", sunan da ta saba ji ana zagi a gida shi zai fito. Ƙauyen kuwa dama a rabe yake tsakanin manyan iyalai biyu, gidan Putnam da gidan Porter, ga rigima kan limamin, ga tsoron yaƙin da ake yi a bakin iyaka. Ba na cewa duk yaran wasan kwaikwayo suke yi. Firgici yakan yaɗu tsakanin yara ya fito a jiki, kamar yadda muke gani a makarantun 'yan mata.

Gwamnan yankin, William Phips, ya rushe kotun a Oktoba 1692. A 1697 alƙali Samuel Sewall ya nemi gafara a bainar jama'a. A 1706 Ann Putnam, ɗaya daga cikin manyan masu zargin, ta tsaya a coci ta yarda cewa marasa laifi ta nuna. A 1711 aka amince a biya diyya, bayan waɗanda aka rataye sun yi shekara 19 a ƙasa.

Saboda haka masu zuwa da hayaƙi da bulala su titsiye tsohuwa, su ce ta tsallaka yarinya, su karɓi kuɗi su tafi, su ji tsoron Allah. Ƙazafi ne, kuma tabon maita har jikoki yake bi, 'ya'yanta mata su rasa mijin aure. Ke kuma Malama, kada ki jira. A raba yarinyar da taron jama'a, a daina tambayarta suna, a kai ta asibiti a duba farfaɗiya da zazzaɓi da matsalar ƙwaƙwalwa. Ki je wurin mai unguwa da liman yau ɗin nan, a kai tsohuwar gidan wani ɗan uwanta. Idan kika ga matasa sun fara taruwa a ƙofarta, a kira 'yan sanda.