Likita, Shinkafar Biki Ta Kwantar Da Mu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gubar Abinci

Tun da zafi ya kankama, ga kuma bukukuwa sun yi yawa, kusan duk saƙon da ya shigo mini maganar ciki ce. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko daga wata uwargida a Kano: "Likita barka da aiki. Ranar Asabar na dawo daga biki da shinkafa a roba, muka ci da yarana biyu bayan isha'i. Kafin ƙarfe goma sha biyun dare duk mun kama amai. Da safe na ɗumama ragowar sosai na ba maigida, shi ma bai kai azahar ba ya kama amai. Surukata ta ce sammu aka yi mana. Idan ba sammu ba ne, yaya abincin da ya sha wuta zai cutar da mutum?"

Hajiya, sannunku da jiki. Ki ba Inna haƙuri, a wannan karon ba hannun maƙiyi ba ne, hannun agogo ne. Mu ƙirga tare. Shinkafar biki galibi da asuba ake ɗora ta, a sauke da hantsi, a juye a kula. Ba a fara rabo sai bayan la'asar. Ke kuma kin ɗauro taki a roba, ta bi ki cikin adaidaita sahu, ba a buɗe ta ba sai bayan isha'i. Awa goma ke nan ko fiye tana zaune da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin zafi suke hayayyafa, kuma idan sun samu yadda suke so, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti ashirin.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Tana da wani irin sulke da take shigewa, tafasa ba ta kashe ta. Da shinkafa ta fara hucewa sai ta farka, ta yaɗu, ta zuba dafinta a ciki. Wannan dafin shi ne ke sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida, daidai yadda ya faru da ku. Ga amsar tambayarki kan maigida: wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma wannan dafin ba ya jin wuta. Ko ki soya shinkafar har ta yi ƙanzo, yana nan daram. Haka dafin ƙwayar cutar Staphylococcus yake, wadda ke shiga abinci daga hannu ko hancin mai girki, musamman mai ƙurji ko yanka a yatsa. Kuma babu wari, babu yami, babu yauƙi. Shi ya sa sunsuna abinci ba ya wanke shi daga zargi.

Ba ina cewa a daina ɗumame ba. Ni ma da ɗumamen tuwo na girma. Amma ki tuna yadda iyayenmu suke yi: su tafasa miya da daddare kafin a kwanta, a rufe, ba wanda zai ƙara tsoma ludayi, da asuba a sake tafasa ta. Ba su san sunan wata ƙwayar cuta ba, amma dabarar tana rage haɗari ƙwarai. Dokar da muke bi ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, a irin zafin Afrilu da Mayu kuwa awa ɗaya. Firij ɗin da aka ɗauke masa wuta tun safe kuma akwati ne kawai, kada ki ba shi amana.

Ta biyu daga wani direban babbar mota: "Likita, na ci nama a tasha, washegari ciki ya ɓalle. Na shiga kemis aka haɗa mini Flagyl da kafso mai ja da rawaya da maganin tsayar da gudawa. Kwana uku ke nan, gudawar ta ragu amma jiri nake ji, ko tsayuwar sallah ba na iyawa. Wane magani zan ƙara?"

Malam, ba ƙwaya jikinka yake nema ba, ruwa yake nema. Jirin nan alama ce ta cewa abin da ya fita bai dawo ba. A amai da gudawa, abin da ke kai mutum kushewa galibi ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Ƙwayar cutar kanta, a mafi yawan lokuta, jiki yana korar ta cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Ka sayi ORS, wato garin gishiri da sukari na leda, ka juye leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ledar fiya wata biyu lita ɗaya ce. Idan babu kemis a kusa, ka zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida, a shafe ba a tula ba, da gishiri rabin cokali, a ruwa lita ɗaya. Ka ɗanɗana: bai kamata ya fi hawaye gishiri ba. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kofi guda bayan kowace fita bayan gida. In ka yi amai, ka jira minti goma ka ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, sukarinsa ya yi yawa, yana iya ƙara tsinka cikin.

Flagyl ya zama kamar goro a ƙasar nan, kowa ciki ya murɗa sai ya afa. Yana da aikinsa, yana maganin atini na amiba da wasu cututtuka ƙayyadaddu, amma ba ya taɓa dafin da ke cikin ruɓaɓɓen abinci, sai ma ya ƙara tashin zuciya da ɗacin baki. Ja da rawayan nan, tetracycline ke nan, ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba. Maganin tsayar da gudawa kuma, babba zai iya sha in tafiya ta kama dole, amma ba a shan sa idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, kuma ba na yara ba ne.

Bari in ba ka labarina, don kada ka ce likita daga littafi kawai yake magana. Ina sabon likita, wani dare ina aikin kwana, yunwa ta kore ni bakin ƙofar asibiti na sayi kwaɗon zogale da ya wuni a faranti. Washegari na kasa tashi. Abin da na fi tunawa shi ne sanyin simintin banɗaki a kumatuna, da butar da ke gabana, taku biyu kacal, amma na rasa ƙarfin miƙa hannu in jawo ta. Ni da jiya nake faɗa wa marasa lafiya su daure su sha ruwa. Wata dattijuwar nas ce ta zo da jug, ta zauna a bakin gado tana ba ni cokali-cokali, tana cewa, "Likita bokan Turai, yau ga ka a hannunmu." Ranar da na fara fitsari sosai, wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi. Tun daga lokacin, idan maras lafiya ya ce mini ba zai iya sha ba, ba na yi masa faɗa, cokali nake nema.

Kai dai ka ajiye tuƙi yau. In ka wuni kana sha amma fitsari bai zo ba, ko jirin bai sake ka ba, ka je asibiti a yi maka ƙarin ruwa a duba ƙodarka. Haka in ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama. Mai ciwon sukari, mai ciki da tsoho, su ba sa jiran kwana uku ma.

Ta uku, wata matashiyar uwa daga Maraɗi: "Ɗana wata goma, yana zawo kwana biyu tun da na ba shi kunun da ya wuni. Makwabta sun ce haƙori ne, in ƙyale shi, wasu kuma sun ce in dakatar da nono."

Ƙanwata, duka shawarwarin biyu ki ajiye su. Haƙori yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zawo mai ruwa. Abin da ke faruwa shi ne lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da fara cin abinci, komai yaro ya samu sai baki. Da sunan haƙori mun rasa yara da yawa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe 420,000, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ki ƙara ba shi nono, fiye da yadda kika saba. Bayan kowane zawo ki ba shi ORS rubu'in kofi zuwa rabi, da cokali. Ki nemi ƙwayar zinc, miligiram 20 sau ɗaya a rana, a narka a ɗan ruwa ko nono, har kwana goma zuwa sha huɗu ko da zawon ya tsaya. Ki dama kunu sabo duk lokacin da zai sha. Sannan ki sa ido: in maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma, yana kuka ba hawaye, ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci, ki goya shi ki tafi likita a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

Ta huɗu ta fi tayar mini da hankali. Wani magidanci ya rubuto: "Mun ci wake da shinkafa, ba a yi awa ɗaya ba yara suka fara amai, miyau na zuba, gumi kamar an watsa musu ruwa. Muka ɗura musu manja da madara kafin mu tafi asibiti. Sun warke, alhamdu lillahi. Manjan ne ya taimaka?"

Allah ya ƙara kiyayewa, amma manja bai da lada a nan. Abin da ka bayyana bai yi kama da aikin ƙwayar cuta ba, ya fi kama da maganin ƙwari. Wasu masu ajiyar wake suna zuba masa fiya-fiya ko Sniper don kada ya yi ƙwari, sinadarin da ke ciki kuwa, dichlorvos, guba ne ga mutum. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Alamominsa su ne waɗanda ka gani: miyau, gumi, hawaye, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, ƙirji ya cika da majina. Yana da makari a asibiti, allurar atropine, kuma minti ɗaya yana da daraja. Ɗura wa yaro manja ko sa masa yatsa a maƙogwaro yana iya tura abin cikin huhu, a samu matsala biyu maimakon ɗaya. A kwantar da shi ta gefe, a cire tufafin da suka ɓaci, a ɗauki ragowar abincin a tafi da shi.

Wake mai warin magani, a bar wa mai shi kayansa. Manoma da 'yan kasuwa kuma, ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon magani ba. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da garin ɗan tsami na bogi da ake haɗa lemo da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu. Duk garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, kada ya shiga zoɓonki ko kununki, komai arharsa.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba: "Sati biyu da suka wuce na yi amai da gudawa kamar zan mutu. Sai yanzu na gane me ake nufi da lafiya uwar jiki, har ruwan randa daɗi yake mini. Amma duk lokacin da na sha shayi da madara sai cikina ya kumbura ya yi ta ƙugi. An yi mini gwajin Widal an ce taifot ne."

'Yata, barka da arziki. Ki riƙe wannan daɗin ruwan randa da kyau, don mantuwa tana zuwa da wuri, ni kaina ban yi wata biyu ba na koma leƙen farantin mai kwaɗo. Abin da kike ji ba baƙo ba ne. Gudawa mai tsanani tana goge fatar cikin hanji, inda sinadarin da ke narkar da sukarin madara yake, sai ya ɗauki makonni kafin ya dawo. Taifot kuwa zazzaɓi ne da ke hawa a hankali kwana da kwanaki, da ciwon kai da kasala, yakan bayyana sati ɗaya zuwa uku bayan cin abin da ya gurɓata. Gwajin Widal shi kaɗai ba hujja ba ne, yana nuna "akwai" a jinin mutane da yawa da lafiyarsu ƙalau. In ba ki da zazzaɓi, kada ki fara allurai a kan wannan takardar, ki kai wa likita ya duba ki tukuna.

Ki huta da madara na sati biyu zuwa uku. Ki ci kunu, fate, ayaba, shinkafa mai laushi, ki rage yaji da maiƙo. Idan za ki koma, ki fara da kindirmo ko yogot cokali biyu-uku, sun fi madara sauƙin narkewa. In wata guda ya wuce cikin bai daidaita ba, ko kika ga kina ramewa, ki kai bayan gida a gwada a asibiti.