Tambaya da Amsa: Ina Za Mu Sa Kuɗinmu Don Ƙirƙirar Ɗalibai Ta Isa Kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 'yan aji ɗaya ne da muka karanta injiniya, mun haɗa kuɗi za mu tallafa wa cibiyar koyar da kasuwanci ta jami'armu, ko abin da yara ke ƙerawa ya daina ƙarewa a sito. Wasunmu sun ce a gina ɗakin taro, wasu sun ce a sa gasa a raba kyauta. Me kuka gani? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka muku da alheri. A jingine batun ɗakin taro. Gine-gine a manyan makarantun gwamnati akwai TETFund, asusun gwamnati mai tallafa musu, darasin kasuwanci kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta riga ta wajabta wa kowane ɗalibi. Inda ba mai taimako shi ne tsakanin samfurin farko da mai saye na farko, nan ya kamata kuɗinku ya shiga.

Ku fara da takarda. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 tana ba da kariyar shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, da sharaɗin abin sabo ne, bai riga ya fita idon jama'a ba. Yaro kuwa da ya gama haɗa na'ura sai ya ɗora bidiyonta a Facebook, ya kai ta baje koli, ya yi wa kowa bayanin cikinta. Ya zubar da sabuntarta ke nan. Abin da ke ruɗin mutane, ofishin rajistar ƙirƙira na Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne. Satifiket zai fito, amma ranar da aka je kotu ana iya soke shi. Don haka a shigar da buƙata tukuna, kafin a nuna wa kowa. Ku tambaya ko jami'ar na da ofishin mallakar fasaha irin waɗanda NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha ta ƙasa, ke kafawa a manyan makarantu, ta nan aikin ya fi sauƙi.

Sai maganar mai abu. Doka ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Malami ma'aikaci ne, ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, ga shi kayan jami'a aka yi amfani da su. Kada ku saki ko kwabo sai an rubuta kason ɗalibi, na malami da na jami'a, kowa ya sa hannu. Rigimar ba ta tashi sai kuɗi ya fara shigowa.

Kaso mafi tsoka ya tafi ga samfuri na biyu da na uku. Ɗauki na'urar busar da citta. Ta farko an yi ta don cin jarrabawa: ba zane mai awo, an yi farantanta da baƙin ƙarfe mai tsatsa inda abinci ke taɓawa, fankar cikinta kuma in ta mutu ba a samun irinta a gari. A kai zanen Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, mai walda ya ƙera biyu da kayan da ake samu a kasuwa, ya faɗi kuɗin ƙarfe, boris, bel da ladan aiki. A kai su wajen manoman citta a Kachia su yi kaka guda suna aiki, ɗalibi na rubuta buhu nawa take busarwa, cikin kwana nawa, me ya fara lalacewa. In kuɗin ƙira ya fi abin da manomi zai iya biya, a sake zane ko a haƙura. Ku riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, kowane kashi bayan an nuna aikin da ya gabata.

Gasa ba laifi, amma takan fifita mai iya magana a kan mai abin sayarwa.

TAMBAYA: Ɗana ya haɗa wani sabulu a aikinsa na kammala digiri. Dole sai ya buɗe kamfani? Daga wata uwa a Tudun Wada.

AMSA: Ba dole ba ne, Hajiya. Yana iya ba wani kamfani izinin sarrafawa ana biyansa kaso a kan abin da aka sayar, kamar yadda irin masara SAMMAZ da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ke fitarwa yake isa ga manomi ta hannun kamfanonin iri. In shi zai yi da kansa, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Amma sabulu ba ya shiga kasuwa sai da lambar NAFDAC, su kuma sai sun duba wurin da ake haɗa shi, ɗakin kwana ko kicin ɗin gida ba zai wuce ba. Ya rubuta ma'aunin haɗin ya adana, kada ya ba kowa sai da yarjejeniyar riƙe sirri a rubuce.