Tambaya da Amsa: Hawan Mambilla da Babura a Ayari

Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne a ƙungiyarmu ta masu babura, yawancinmu Boxer muke hawa, biyu kuma Jincheng. Muna so mu je Gembu yawon buɗe ido. Wace hanya za mu bi, wane lokaci ya fi, kuma ƙananan baburanmu za su iya dutsen? — Mai karatu daga Gombe

Wa alaikumus salam. Za su iya, Malam, domin irin waɗannan baburan ne mutanen Mambilla suke hawa kullum da lodin kaya. Sharaɗin kawai shi ne babur ya kasance lafiya lau kafin ya bar gida.

Daga Jalingo za ku bi ta Garba Chede zuwa Bali, daga nan Serti, sai Mayo Selbe, wanda yake gindin dutsen. Daga Mayo Selbe hawa ya fara, kwana bayan kwana, ta Hawan Biyu da Sisi har Tungar Ahmadu, sannan Maisamari, Nguroje, Gembu. Ku raba tafiyar biyu, ku kwana a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. A can za ku cika tanki, ku duba birki, ku tambayi direbobin tasha halin hanya da na tsaro, sannan ku fuskanci dutsen da safe bayan rana ta ɗaga, jiki bai gaji ba. Tafiyar dare kam ku cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Lokacin da ya fi shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a can tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ruwa yakan zubo da ƙasa da duwatsu kan kwalta. Kowa ya riƙe lasisinsa na rukunin A da takardun babur da hular kwano. An sha sanya dokar hana babura a cikin garin Jalingo, saboda haka ku bincika abin da ake ciki kafin ku shiga garin a jere.

Wani abokina ya ce in za mu sauko daga dutse mu kashe inji mu saki firi, mai zai rage sosai. Gaskiya ne? — Ɗan'uwanku daga Bauchi

Man zai ragu, amma bai kai na kofin shayi biyu ba, kuma wannan shawara ita ce mafi haɗari cikin duk abin da aka aiko mana. Ba hawan Mambilla ne abin tsoro ba, saukowar ce.

Birki aikinsa shi ne mayar da gudu ya zama zafi. A hanya miƙaƙƙiya kana takawa ka saki, ya samu ya huce. A gangara mai tsawo kuwa, in ka saki firi, nauyinka da na babur da na kaya duk sun koma kan birki kaɗai, babu hutu. Birkin Boxer na ganga ne: shu biyu ne a ciki suke buɗewa su matse ƙarfen. Idan gangar ta yi zafi sai ta ɗan buɗe, fuskar shu ɗin kuma ta yi santsi tana sheƙi, sai ka ji kana takawa ƙafarka na nutsewa amma babur na ƙara gudu. Kafin nan akwai alamu: warin ƙauri, da birkin da ke neman a ƙara danna shi fiye da yadda ya saba. Mai birkin faifai shi ma bai tsira ba. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshin iska a hankali; in ya tsufa ya yi zafi sai ya tafasa, hannun birkin ya taɓo sitiyari ba tare da ya kama komai ba. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu.

Ƙa'idar ita ce ka sauko da giyar da ka hau wurin da ita. Inda ka hau da giya ta biyu, ka sauko da ta biyu, kuloci a sake, totur a rufe, injin yana riƙe babur. Zai yi ƙara, kada ƙarar ta dame ka. Ka sa giyar tun kafin gangarar ta fara, ba a tsakiyarta ba, domin sauke giya da ƙarfi a cikin gudu yana sa tayar baya ta ja. Birki kuma a kama shi da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana, gaba da baya tare, sannan a sake shi. Ɗora ƙafa a kansa ana jan sa kaɗan-kaɗan tun daga sama har ƙasa shi ne yake ƙona shi. Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, alhali a gangara nauyi gaba yake komawa, kuma tayar gaba ce ta fi riƙe ƙasa. Abin kiyayewa shi ne kada a damƙe shi farat ɗaya, musamman kan tsakuwa ko babur na kwance a kwana.

Ku tsaya sau biyu ko uku a hanyar saukowa, a wuri mai fili da ake hango ku daga nesa, minti goma. Kada a watsa wa ganga mai zafi ruwa, tana iya lanƙwashewa.

Masu tsohuwar Jincheng mai hayaƙi, wadda ake haɗa wa fetur da man 2T a tanki, su ƙara kula. Injinta ba ya riƙe babur sosai a gangara, kuma in totur ya daɗe a rufe man da ke shafa fistin ba ya isa ciki. Lokaci-lokaci a kama kuloci a ɗan murza totur, kuma su riƙa tsayawa fiye da sauran.

Na taɓa hawa wani tudu mai nisa, sai babur ɗina ya rasa ƙarfi, yana shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. Me ya jawo, kuma in sa bakanike ya taɓa kafireto kafin mu tafi? — Mai karatu daga Yola

Iska ce ta yi ƙaranci. Tudun Mambilla yana kusan mita 1,600 sama da teku, kuma inji irin na babur yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Ka ga kafin Nguroje fiye da kashi 10 ya tafi. Kafireto kuwa man da ya saba bayarwa yake bayarwa, sai mai ya fi iska yawa, fulogi ya yi toka baƙa.

Don tafiyar kwana uku ko huɗu ba mu ba da shawarar canza jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireto, ba, domin in ka sauko ƙasa da ƙaramin jet injin zai riƙa zafi. Ka wanke soson matatar iska, ka tabbata cok a kashe yake, ka sa sabon fulogi ka riƙe wani a aljihu. A hawa ka sauke giya da wuri, kada ka bar injin yana nishi a giya ta uku kana cika masa totur. Kada kuma ka riƙa rabin kuloci don neman ƙarfi. Haka ake ƙona faifan kuloci a tsakiyar dutse.

In babur ya mutu a hawa, taka birkin baya, ƙafar hagu a ƙasa, bar shi cikin giya don kada ya koma da baya. In akwai goyo ya sauka tukuna kafin ka tayar.

Yaya za mu jera kanmu a hanya? — Sakataren wata ƙungiya, Kano

In kun kai mutum goma sha biyu kamar ƙungiyar mai tambaya daga Gombe, kun yi yawa a jeri ɗaya. Ku kasu biyu, shida-shida, tsakaninku minti biyar. A gaba wanda ya san hanya kuma ba shi da rawar kai, bayansa wanda ya fi kowa rauni a tuƙi ko wanda babur ɗinsa ya fi ƙanƙanta, domin da gudunsa za a tafi. A ƙarshe gwani, tare da kayan gyara da akwatin magani, kuma babu mai komawa bayansa.

A miƙaƙƙiyar hanya a bar tazarar daƙiƙa biyu. A kwanonin dutse layi ɗaya, daƙiƙa huɗu, babu wuce juna. Kowa ya tsaya a hannunsa na dama, ya yi oda kafin kwanar da ba ya ganin bayanta, domin motocin lodi masu saukowa sukan ci hannun wani. Shanu ma suna tsallaka hanya a saman tudun. Kowane mahayi shi ke da alhakin na bayansa: in ka duba madubi ba ka gan shi ba, ka rage gudu ka tsaya, a haka labari zai kai ga na gaba. Waya ba ta samuwa ko'ina, saboda haka ku yanke wuraren haɗuwa tun da safe. In hazo ya rufe, a kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo da haske cikin ido. In ba ka ganin na gabanka, ku sauka daga kwalta ku jira.

Me za mu duba, me za mu ɗauka? — Mai karatu daga Jos

Mako guda kafin tafiya a yi juyen baƙin mai, 20W-50, a canza shu ɗin birki in ya ci, don sabon ya samu ya zauna kafin dutse. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa milimita 20 zuwa 30, a sa mata mai. Iskar taya a auna da geji da safe, wajen 25 a gaba a ma'aunin psi, 28 a baya, 32 in da goyo, sai dai in littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu daban. Tayar da ta sheme a canza ta. Kaya a ɗaure su ƙasa-ƙasa kusa da mahayi. Lodin da aka tula a ƙarshen kariya yana ɗaga tayar gaba a hawa.

Kowane rukuni ya riƙe tub na gaba da na baya, kayan faci, famfo, wayar kuloci da ta totur da ta birki, mahaɗin sarƙa, ƙwan fitila, sifana 8 zuwa 19, filaya, igiya, da lita guda na baƙin mai. In dole ta sa ku sayi fetur na kwalba, ku tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Sanyi kuma kada ku raina shi. Zafi yana raguwa kusan digiri 6 a duk mita 1,000, ga iskar gudu a kai. Rigar sanyi, rigar ruwa a samanta, takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu mai kauri, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki a kan lokaci.