Na'urar Rataye Abu da Sauti: In Sayi Haɗaɗɗiya Ko In Haɗa da Kaina?

Tambaya: Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ina so in yi aikin kammala karatu a kan na'urar da ke rataye abu a iska da ƙarfin sauti, ta matsar da shi ba tare da an taɓa shi ba, kuma burina ta riƙa ɗaukar ƙwayoyin magani. In yi odar haɗaɗɗiya ko in sayi kaya in haɗa? Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

Amsa: Ɗana, kafin ka fitar da ko kwabo, sai ka rage buri. Na'urar ƙananan lasifikoki ce da ke fuskantar juna, suna fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya iya ji. Inda sautin sama da na ƙasa suka haɗu, ana samun gurabe masu tazarar kusan milimita 4, kuma a cikinsu abu ke tsayawa, don haka duk abin da ya wuce wannan girma zai faɗo. Za ta riƙe ɗigon ruwa ko ɓarɓashin farin soson da ake tokare firji da shi a kwali, amma ƙwayar farasitamol ta yi mata girma da nauyi.

Shawarata ita ce ka haɗa da kanka, domin abin da malamanka za su duba shi ne motsi. Ana samun motsin ne ta hanyar ɗan jinkirta sautin ɓangare ɗaya, sai guraben su gusa, abin ya hau ko ya sauka, kuma sai in kai ne mai iko da manhajar da ke tafiyar da na'urar za ka iya sarrafa hakan. Ka bi tsarin TinyLev, wanda masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka fitar a 2017, mai lasifika 72 da Arduino Nano (ƙaramin allon kwamfuta da ake ɗora wa manhajar) da allon L298N (mai ƙara wa lasifikokin ƙarfin wuta).

Kada ka fara da 72 ɗin. Ka ciro guda biyu daga na'urar auna tazara ta HC-SR04 ka gwada tukuna. Idan za ka sayi sauran, ka sayi iri ɗaya daga hannun mai kaya ɗaya, ka auna kowace ƙafa da mitar awon lantarki don gane wadda take + da wadda take − kafin ka yi soda, domin alamar da ke jikinsu ba abin dogaro ba ce. Ranar gwaji kuwa, ka kashe fanka ka rufe taga, musamman idan ta faɗo cikin hunturu.